Birnin Kano, Daga Gindin Dala Zuwa Masallacin Jumma'a

Malamanmu su kan ba mu labarin tsofaffin birane na ƙasashen gabas. Bayan Makka da Madina, wanda muka fi jin sunansa shi ne Birnin Ƙudus. Annabi Dawuda ya mai da shi babban birninsa wajen shekara 1000 kafin haihuwar Annabi Isa, ɗansa Annabi Sulaimanu kuma ya gina ɗakin ibada a cikinsa. Can Musulmi suka fara fuskanta in za su yi salla, kafin a juya alƙibla zuwa Ka'aba. Har yau Yahudawa da Kirista da Musulmi duk suna girmama shi, kowa da wurin da ya ke ziyara. In mutum ya ji irin wannan labari, sai ya zaci birni mai tsohon tarihin addini sai an hau jirgi a ke ganinsa.

To, ga wani nan a ƙofar gidanmu. Mu mutanen Dambatta da Bichi da Minjibir da Ungogo da Dawakin Tofa, wane ne a cikinmu bai taɓa shiga Kano ba? Kakanninmu da jakuna su ke kai itace birni da rani, su komo da taki a mangala su zuba a gona. Mu kuma muna kai hatsi kasuwar Dawanau, muna zuwa asibiti, muna zuwa gai da 'yan'uwa. Amma da yawanmu mu kan wuce ta kusa da Dala, ko ɗaga kai ba mu yi mu dube shi. A wannan darasi za mu ga yadda Musulunci ya shiga birnin nan. Ba dare ɗaya ya shiga ba. Daga sarkin da ya fara karɓarsa zuwa ranar da wani sarki ya sa gatari aka fasa tsafin fada, an yi wajen shekara 400.

Ina muka samo labarin?

Akwai wani littafi da a ke kira Tarihin Kano. Da Larabci aka rubuta shi. Ya jera sarakuna 48, daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1893. Mai littafin ya tattara abin da tsofaffi da maroƙa suka riƙe a ka, ya sa a takarda. A 1908 wani Bature mai suna Palmer ya juya shi da Turanci. Daga baya aka juya shi da Hausa a Zariya, cikin littafin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu.

Littafin bai faɗi shekarar da ko wane sarki ya hau ba. Abin da ya faɗa shi ne, wane ya yi shekara kaza, wane ya yi wata kaza. Sai Palmer ya yi lissafi da baya da baya, yana ɗebewa, har ya kai ga Bagauda a shekara ta 999. Saboda haka shekarun sarakunan farko da za ku gani a nan, ku ɗauke su kamar awon gona da ƙafa. Ya kan yi kusa, amma ba ya zama daidai cif. Ku tuna kuma, mai littafin Musulmi ne, ta bakin fada ya ji yawancin labarin. Mutanen dā masu tsafi ba su bar mana nasu rubutun ba.

Mutanen Dala

Tun kafin a yi wani sarki a Kano akwai mutane a gindin Dala. Abin da ya jawo su kuwa tama ce, watau dutsen da a ke narkawa a fid da ƙarfe. Masu bincike sun tono wani tsohon wurin narka tama kusa da dutsen, suka auna gawayinsa, suka tarar ya kai tun tsakanin shekara ta 600 da ta 700. Watau wajen zamanin Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sahabbansa ke nan. Abagayawa, maƙeran Kano, su kan ce kakansu daga Gaya ya zo neman tama, sunansa Kano. Wanda ya san darajar fartanya da garma ya san abin da zai sa mutane su taru inda ƙarfe ya ke.

Babban mutanen nan shi ne Barbushe, daga zuriyar wani mutum da a ke kira Dala, wanda dutsen ya ci sunansa. An ce Barbushe ƙato ne, maharbi, da sanda ya ke kashe giwa ya ɗauko ta a ka. Wannan kam kirari ne, mun san yadda labarin maharba ya kan ƙaru in ya daɗe a baki. Abin da su ke bauta wa sunansa Tsumburbura. Wurinsa wata itaciya ce da a ke kira Shamus, an kewaye ta da katanga. Ba mai shiga sai Barbushe. An ce in wani dabam ya shiga, mutuwa zai yi.

Sau biyu a shekara Barbushe ya ke saukowa daga kan dutse. In lokacin ya matso, sai jama'a su taho daga gabas da yamma, kudu da arewa, maza da mata. Wani ya zo da baƙin kare, wani da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru. Su taru a gindin Dala da yamma. In dare ya yi, sai Barbushe ya fito da makaɗa, ya shige gaba zuwa wurin itaciyar, a yanka abin da aka kawo. Sa'an nan ya shiga shi kaɗai. In ya fito, sai ya gaya wa mutane abin da zai faru a cikin shekarar, ko alheri ko tsiya.

Kada mu yi saurin yi musu dariya. Abin da ya dame su shi ne abin da ya ke damunmu: ko damina za ta yi kyau, ko fara za ta zo, ko za a kwana lafiya ba yaƙi. Kuma ba baƙi ba ne a gare mu. Littafin ya ce duwatsun da ke kewaye ko wane da babbansa. Jandamisa yana Magwan, Gambarjado yana Fanisau, nan arewa da birni. In aka bi salsala, da yawanmu jikokin masu jan baƙin bunsurun nan ne.

Bagauda da ganuwa

Sai Bagauda ya zo da mutanensa ya mallaki ƙasar. Labarin Daura ya ce shi ɗan Bawo ne, jikan Bayajida. In haka ne, daga arewa ya fito, ta wajenmu. Jikansa Gijimasu, sarki na 3, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa. An ce ranar da aka soma aikin ya yanka shanu 100. Ƙofa 8 aka yi mata, cikinsu har da Ƙofar Mazugal da Ƙofar Ruwa da Ƙofar Waika da Ƙofar Kansakali. Ɗansa Yusa ya ƙarasa ginin.

Sarakunan nan na farko ba Musulmi ba ne. Amma duk da haka ba su jitu da mutanen Dala ba. Sarki yana da dawaki da mashi, su kuwa suna da asirin Tsumburbura, kuma sun ƙi gaya masa. Ko wane sarki ya san muddin talakawa sun fi tsoron itaciyar nan da shi, sarautarsa rabi ce. Haka aka yi ta zaman doya da manja shekara da shekaru, har Tsamiya, sarki na 9, ya hau a 1307. Shi ya tara mayaƙa, ya rushe katangar, ya kutsa har gindin itaciyar. To, amma me ya biyo baya? Sai ya sulhunta da manyansu, ya ba su sarautu, suka gaya masa asirin. Watau tsafin bai mutu ba, ya koma hannun sarki ne kawai.

Zuwan Wangarawa

Ɗan Tsamiya shi ne Yaji, sarki na 11, daga 1349 zuwa 1385. A zamaninsa, in ji Tarihin Kano, waɗansu baƙi suka zo daga ƙasar Mali, su kamar 40. Su ne Wangarawa, mutane ne malamai kuma fatake. Babbansu Abdurrahman Zaite. Suka kira Yaji zuwa ga salla, ya amsa. Ya naɗa Gurdumus limaminsa, Lawal ladan, Auta shi ke yanka abin da za a ci, Zaite ya zama alkali. Sarki ya aika garuruwan ƙasar Kano ya ce a tsai da salloli biyar. Aka gina masallaci a ƙarƙashin itaciyar tsafin nan, yana fuskantar gabas.

Ku lura da ayyukan da aka fara rabawa. Akwai mai ba da salla, da mai kiranta, da mai yanka, da mai shari'a. Har gobe in ƙauye ya kafu, ya yi masallaci da kasuwa, su a ke fara nema.

Masu tsafi ba su ji daɗi ba. In an gama sallar lisha kowa ya tafi gida, sai su zo da dare su ƙazantar da masallacin. Aka sa wani mai suna Ɗan Buji da mutanensa su yi ta kewaya shi da makamai har gari ya waye. Abin bai tsaya ba, don har an ja ra'ayin waɗansu daga cikin masu gadin. Daga nan malamai suka ce ba sauran magani sai roƙon Allah. Suka taru a masallaci ran Talata, suka kwana suna addu'a har rana ta fito. Littafin ya ce shugaban masu tsafin ya makance, da shi da waɗanda suka yi aikin. Bayan wannan Yaji ya tafi yaƙi Santolo, wani gari mai ƙarfi na masu tsafi a kudu da birni, wanda ya gagari iyayensa. Ya tafi da Wangarawa suna yi masa addu'a, ya ci garin.

Akwai wani tsohon littafi dabam, na asalin Wangarawa, wanda aka rubuta wajen 1650. Shi cewa ya yi Zaite bai zo ba sai zamanin Rumfa, watau bayan Yaji da kamar shekara 100. Kun ga amfanin karatu ke nan, mutum ya ji bakin biyu ya auna. Amma zuwan nasu kam ba shakka a ciki, ga shaida nan a ƙasa. In kun shiga birni kuka ji an ce Mandawari, ko Sheshe, ko Zaitawa, ko Madatai, unguwannin nan duk sunan Wangarawan nan suka ci.

Kada ku zaci daga nan magana ta ƙare. Kananeji, ɗan Yaji na cikinsa, ya hau a 1390. Shi ne sarkin da ya fara sa wa mayaƙan Kano lifidi da kwalkwali da sulke. Duk da haka ya kai wa Zazzau yaƙi aka kore shi. Da ya komo cikin baƙin ciki, sai ya nemi shawarar Sarkin Tsibiri, ɗaya daga cikin manyan masu tsafi. Shi kuwa ya ce masa ya mai da abin da ubansa da kakansa suka rushe. Kananeji ya yarda. Ya sari reshen itaciyar, ya tarar da jan maciji, ya kashe shi, aka yi masa huffi da fatar. Ya koma Zazzau ya ci nasara. Kun ji ɗan sarkin da ya gina masallaci. Muddin abu yana tafiya daidai ana salla, ranar da tsoro ya zo sai a waiwayi gindin itace.

Rumfa da Shehu Magili

Muhammadu Rumfa shi ne sarki na 20, daga 1463 zuwa 1499. Ba sarkin Haɓe da ya bar suna kamarsa. Shi ya gina Gidan Rumfa, fadar da ke nan har yau. Ya faɗaɗa ganuwa. Ya fara kakaki da figini da takalmin gashin jimina. A zamaninsa aka fara fita sallar Idi a Kano.

Shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi. Kun taɓa tambaya me ya sa a ke kiranta Kurmi, alhali ba kurmi a wurin? A dā akwai shi. Kurmi ne mai duhu a bakin Jakara, ruwansa baƙi, mutanen Barbushe suna tsoronsa suna girmama shi. Wurin ya zama kasuwa, itatuwa suka tafi, suna ya zauna.

Wajen 1492 wani babban malami ya sauka a Kano, Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili, mutumin Tilimsan a ƙasar Aljeriya ta yanzu. Ya rubuta wa Rumfa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna: yadda za a naɗa ma'aikata, da yadda za a yi shari'a, da inda dukiyar baitulmali ta halatta ta fito, da inda za ta tafi. Abin da ya yi ta nanatawa a ciki shi ne, kada sarki ya ɓuya wa talakawansa. Shi ne kuma ya ce a gina masallacin Jumma'a, a sare itaciyar tsafin nan, a gina hasumiya a gurbinta. Aka yi haka. Da zai tafi ya bar Sidi Fari a madadinsa, zuriyarsu su ne Sharifan Kano, unguwarsu Sharifai.

Me ya sa aka gina hasumiya a daidai inda itaciyar ta ke, ba a nemi wani fili ba? A ganinmu Shehu Magili ya san halin mutane. Ƙafar da ta saba zuwa wuri ba ta daina zuwa don an hana ta. In an sare itace aka bar kututture, gobe da dare za a tarar da jinin kaza a kansa. Amma in mai zuwa ya tarar da ladan a wurin, to, ko ya shiga sahu ko ya koma gida. Ba a Kano aka fara irin wannan ba. A shekara ta 630, sa'ad da aka ci Makka, gumaka aka fitar daga Ka'aba, ɗakin kuwa aka bar shi, aka mai da shi ga bautar Allah shi kaɗai. A Birnin Ƙudus ma, ƙubbar nan mai ruwan zinariya da mu ke gani a hotuna, Halifa Abdulmaliki ne ya gina ta wajen 691, a kan tudun da ɗakin ibadar Annabi Sulaimanu ya ke a dā.

Mai Tarihin Kano yana da wata ɗabi'a mai kyau, ya kan faɗi littafin da ya shigo gari da wanda ya kawo shi, kamar yadda ya ke faɗin yaƙi. Ya ce a zamanin Yakubu, uban Rumfa, Fulani suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da na lugga, a kan Alƙur'ani da fiƙihu da hadisi da a ke da su. A zamanin Kisoki, jikan Rumfa, daga 1509 zuwa 1565, wani shehu mutumin Tunis ya kawo Ashafa, wani kuma Shehu Abdussalami ya kawo Mudawwana. Sarki Abubakar Kado, wanda ya hau a 1565, ya zauna ya karanci Ashafa, ya kuma sa 'ya'yan sarki su koyi Alƙur'ani. Ashafar nan da mu ke ji ana karantawa da azumi, ta haura shekara 450 a ƙasar nan.

Labarin Dirki

Yanzu ga abin da muka fi so ku riƙe. A zamanin Muhammadu Zaki, sarki na 27, daga 1582 zuwa 1618, Kano ta shiga wahala. Katsinawa suna matsa mata da yaƙi. Kwararrafa suka taso daga kudu, har mutanen birni suka watse suka gudu Daura. Cikin wannan tsoro aka yi wani abu don tsare gari, aka sa masa suna Dirki. Mene ne Dirki? Alƙur'ani ne aka naɗe da fatar akuya. Daga baya aka koma naɗe shi da ƙirgin shanu. A yanka sa, a ƙara ƙirgi a kan na dā. Tun ana 10 har aka kai 40.

Ku dubi yadda abin ya juya. Waɗanda suka fara, Littafin Allah suka riƙe don neman tsari. Amma sun rufe shi. 'Ya'yansu suka taso suka ga ƙunshi. Jikoki suka ga wani ƙaton abu mai ban tsoro da a ke yanka wa shanu. Aka yi wajen shekara 200 a haka, a cikin birnin da ke cike da malamai da makarantun allo. Itaciyar da Shehu Magili ya sa aka sare, sai ga ta ta sake tsirowa da wata kama, a cikin fada.

Muhammadu Alwali, sarki na 43, ya hau a 1781. Yunwa ta faɗo a zamaninsa. Sai manyan fada suka zo suka ce ya ba da shanu 40 na Dirki, in ya ƙi kuwa suna tsoron wani abu ya same shi. Alwali ya ƙi. Ya fusata, ya aiki samari da gatura, suka yi ta saran Dirki har abin da ke ciki ya fito. Sai ga Alƙur'ani, kyakkyawa. Kuna tsammani mutane sun yi murna? Cewa suka yi, yadda ya fid da Alƙur'ani daga Dirki, haka shi ma za a fid da shi daga Kano.

Mu kam a nan muna bayan Alwali. Ana yunwa, ina dalilin yanka shanu 40 don a ƙara wa ƙunshi fata? Kuma Alƙur'ani don a karanta shi aka saukar. Takardar da aka ɗinke, ko mene ne a cikinta, mai ita ba ya ƙaruwa da ita, sai dai ya ji tsoronta, kuma wanda ya ce ya san abin da ke ciki shi zai riƙa juya shi. Ba a fada kaɗai a ke yin Dirki ba. Mutum nawa ne a ƙauyukanmu ke da takardar gona, ko rasit, ko takardar asibiti, a ƙunshe a leda a ƙasan adaka, bai san abin da ta ce ba?

Alwali kuwa an fid da shi ɗin, amma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun kafin shi sarakuna sun yi wa talakawa nauyi da haraji. Sarki Kumbari, daga 1731 zuwa 1743, ya matsa wa Kasuwar Kurmi har ta kusa mutuwa, ya karɓi kuɗi har a hannun malamai, Larabawa suka tashi suka koma Katsina. Da Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, yana wa'azi a kan zalunci da garwaya addini da tsafi, sai ya sami masu amsa masa a ƙasar Kano. Aka yi ta gwabzawa har aka ci rundunar Alwali a Ɗanyaya a 1807. Ya gudu, daga baya aka kashe shi a Burumburum. Abin mamaki, sarkin da ya fasa Dirki shi jihadi ya tarar a kan gado.

Malam Sulaimanu ya zama sarki, bayansa Ibrahim Dabo, daga 1819 zuwa 1846. Dabo ya sha fama da Ɗantunku a nan wajen Dambatta, don haka ya mai da Fanisau ribaɗi, watau garin tsaron iyaka, da gidan sarki da masallaci. Sa'ad da Bature Clapperton ya iso Kano a 1824, can Fanisau ya je ya gai da sarki. Dutsen Gambarjado ke nan ya zama sansanin masu jihadi. Turawa suka ci Kano a 1903. Babban masallacin Jumma'a da ke kusa da fada, Sarki Abdullahi Bayero ne ya sa aka sake gina shi, aka gama a 1951.

Tsafin dā bai ɓace ƙaf ba. A waɗansu ƙauyukan ƙasar Kano da Katsina akwai Maguzawa, Hausawa ne kamarmu, manoma na gaske. Da yawansu sun musulunta, waɗansu sun shiga addinin Kirista, kaɗan suna riƙe da al'adun kakanni. Maƙwabtanmu ne, kasuwarmu ɗaya. In kun zauna da tsofaffinsu da ladabi, za ku ji abubuwan da mai Tarihin Kano bai rubuta ba.

In kun shiga birni

Ranar da Allah ya kai ku birni, in kun gama abin da ya kai ku, ku ɗan rage lokaci. Ku shiga ta Ƙofar Mazugal ko Ƙofar Ruwa, ku tuna suna cikin ƙofofin Gijimasu. Ganuwar kam ta zube a wurare da yawa, ruwa ya ci, masu ɗiban ƙasa sun ɗiba, an yi gine-gine a kanta. Abin da ya rage ku dube shi da kyau, don ba lalle jikokinku su tarar da shi ba. Dala yana nan, gidaje sun kewaye shi, an yi masa matakala. In kun hau za ku hangi Goron Dutse a yamma, da hasumiyoyin masallacin Jumma'a wajen fada. Daga nan ku gangara Kurmi, ku ratsa ta Sharifai. Kusa da fada akwai Gidan Makama, an mai da shi gidan ajiye kayan tarihi. Akwai rubutu a jikin kayan da ke ciki. A dā sai dai ku tsaya wani ya karanta muku, yanzu ku gwada da kanku, ko da kuna haɗa baƙi ɗaya ɗaya ne.

Kafin aji na gaba kuma ga aiki. Kusan ko wane gari a ƙasarmu yana da wata tsohuwar kuka, ko tsamiya, ko rijiya, ko dutse, da a ke cewa a dā ana yanka a wurin, ko ba a zuwa da tsakar rana. Kowa ya sami tsoho ko tsohuwa a unguwarsu, ya gaishe su, ya tambaya: mene ne sunan wurin, me a ke yi a can, yaushe aka bari, kuma wa ya fara gina masallaci a garin, daga ina ya zo? Ku rubuta amsar a littafinku, ko layi biyar ne, ku sa sunan garin da kwanan wata a sama. Malamin aji zai tara su, a karanta wa kowa.